Kafin Ka Sayi Keken Ɗinki, Fara Tambayar Wa Zai Gyara Maka Shi

Yau ba maganar waya za mu yi ba. Na san wani zai ce, "Malam, kai da aikinka canza sikirin da bakin caji, me ya haɗa ka da keken ɗinki?" Ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, za ka ga inda suka haɗu.

Tun da aka fara tallan kekunan ɗinki a TikTok da status na WhatsApp, da wuya sati ya wuce ba a turo min tambaya ba: wanne ya fi kyau, Singer ko Brother ko Butterfly ko Juki? Yawanci mata ne masu son ɗinki a gida, su yi kayan yara, zanin gado, rigar filo, labule, da bargon nan mai auduga a ciki. Wasu kuma maza ne da ke son saya wa iyali.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, sunan kamfani ba shi ne farkon tambaya ba. Keken da ya fi kyau shi ne wanda in ya tsaya yau, gobe za ka samu mai gyaransa da kayan gyaransa a garinku.

Abin da ya sa na ce haka

Bara yayata ta ɗauki adashinta, ta ce keke za ta saya. Ta ga wani fari tas a intanet, ɗan gwanjo daga Amurka, mai ɗan sikirin a gaba da kalar ɗinki sama da 100. Na ce, "Yaya, ki bari mu je kasuwa da wanda ya san keke." Ta ce ai mai sayarwar ya turo bidiyo, lafiya lau yake aiki. Gaskiya ne kuma, yana aiki.

Ranar da aka kawo shi, ta sa masa adafta ta jona a soket. Ƙara ɗaya ya yi, sai wari. Ashe a bayansa an rubuta 120V, mu kuma wutarmu 230V ce. Aka kawo min shago na buɗe. Fis da kafasito na canza su cikin awa ɗaya, wannan aikina ne. Amma IC ɗin da ke ba keken umarni ya ƙone, kuma manhajar keken a cikinsa take. Na zaga wajen masu gyaran keke uku, kowa ya leƙa ya ce shi ƙarfe ya sani, bai san bod ba. Ni kuma na san bod, amma ba inda zan samo irinsa. Keken yana nan a kan wadirof an rufe shi da zani. Ɗinkin Sallah ya wuce ta, kuɗin adashin wata goma ya tafi.

Ba keken ne mara kyau ba. A ƙasar da aka yi shi dominta, ƙila ya shekara goma yana aiki. A nan ne ba shi da dangi.

Darasin da waya ta koya mana

Duk mai gyaran waya ya san wannan. Me ya sa Tecno, Itel da Infinix suka cika hannun mutane? Ba don sun fi kowace waya ƙarfi a duniya ba. Kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion, kuma ya cika kasuwa da kayan gyara. In sikirin ya fashe, ka shiga Farm Centre a Kano ko kasuwar waya ta garinku, kafin la'asar ka koma gida da wayarka. Amma kawo min wata waya mai tsada da ba a saba da ita ba, sai mu yi sati uku muna jiran kaya daga Legas ko Chana.

Haka keke yake. Baƙin keken nan na ƙarfe da ke shagon kusan kowane tela, irin Butterfly da ake yi a Chana, an kwaikwayi tsarinsa ne daga wani tsohon keken Singer mai lamba 15, wanda ya haura shekara 100 a duniya. Shi ya sa allurarsa, kwarkwaronsa, ƙoshiyarsa da bel ɗinsa suke ko'ina, har a kasuwar ƙauye. Kuma kowane makaniken keke da shi ya koyi aiki.

Suna kuma yana yaudara

Singer tsohon suna ne, tun 1851 Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka. Amma keken Singer na kakarka da na kwalin yau ba abu ɗaya ba ne. Babbar masana'antarsu ta Clydebank a Sikotilan an rufe ta tun 1980. Yau sunan yana ƙarƙashin wani kamfani mai suna SVP Worldwide, tare da Pfaff da Husqvarna Viking, kuma yawanci a ƙasashen Asiya ake haɗa kekunan. Kamar Nokia ne, sunan yana nan a jikin waya, amma ba masu yin 3310 ne suka yi ta ba. Ban ce sababbin ba su da kyau ba. Cewa na yi kada ka biya kuɗi saboda labarin da ka ji daga bakin tsofaffi.

Sannan duk sunan da ya yi fice, jabunsa na yawo. Mu da muke ganin caja mai tambarin babban kamfani alhali cikinta fanko, mun san fenti da sitika ba su da tsada.

Tambayoyi 3 kafin a zo kan suna

1. Me za ki ɗinka?

In kayan gida ne, atamfa, shadda, zanin gado, gyaran kayan yara, miƙaƙƙen ɗinki shi ne kusan duk aikin. Kalar ɗinki 100 ɗin nan, wallahi yawancin masu su ba sa taɓa fiye da uku.

In kuma bargo mai auduga ne, lissafin ya canza. Hawa uku kike ɗinkewa lokaci ɗaya: yadin sama, auduga a tsakiya, yadin ƙasa. Abu na farko da za ki duba shi ne faɗin da ke tsakanin allura da jikin keken ta dama, don ta nan za ki nannaɗe bargon ki tura. A ƙananan kekunan gida wajen bai cika wuce inci 6 zuwa 7 ba, a keken indastiriyal kuwa yana kai kusan inci 10. Na biyu, haƙoran keke yadin ƙasa kawai suke ja, sai na sama ya riƙa zamewa, ɗinki ya tattare. Maganinsa wata ƙafa ce mai haƙora a jikinta, a kasuwa ana ce mata wokin fut. Ki tabbatar tana shiga keken kafin ki biya. Kuma ki sani, ɗaya daga cikin kekunan da masu wannan sana'a a Amurka suka fi yabo, Juki TL-2010Q, miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi. Ba ado ko ɗaya.

2. Yaya wutar unguwarku take?

In wuta sai an ga dama, keken ƙafa ba ya jiran kowa. Kuma ana ɗaura masa ɗan ƙaramin moto, in an kawo wuta ki yi da moto, in an ɗauke ki mayar da bel ki ci gaba da takawa. Farin keke mai moto a ciki ba shi da wannan zaɓin, in ba wuta ya zama kayan ado.

In indastiriyal za ka saya, irin Juki, Jack, Emel ko Two Lion, tambayi irin motonsa. Tsohon moto mai kuloci tun da ka kunna yake juyawa yana shan wuta, ko kana ɗinki ko kana hira. Sabon kuwa, wanda ake kira sabo ko dairek diraib, sai ka taka yake jan wuta sosai, shi ya fi dacewa da sola ko ƙaramin janareta. Sai dai shi ma yana da bod a ciki, don haka ka haɗa shi da sitabilaiza, ka kuma tambaya ko ana samun bod ɗin a kasuwarku.

In ɗan gwanjo ne, juya bayansa ka karanta. Na Amurka 110V zuwa 120V ne, na cikin gidan Japan 100V. Waɗannan sai da taransifoma mai rage wuta. Adafta bakin fulogi kawai take canzawa, ba ta rage komai.

3. Wa zai gyara, kuma ina kayan?

Kafin ka je wajen mai sayarwa, je wajen mai gyara. Ka tambaye shi wane keke ne aka fi kawo masa, wanne ne in ya lalace yake rasa kayansa. Mai sayarwa so yake kaya su fita, mai gyara shi ya san abin da ke dawowa. Ko allura ba ɗaya ba ce: kekunan gida suna amfani da HAx1 mai gefe ɗaya a shafe, indastiriyal na miƙaƙƙen ɗinki irin Juki DDL-8700 kuma DBx1 mai zagayayyen gindi. In keken da kake so allurarsa ma sai an yi oda, ka bar shi.

Inda baƙin keke ya gaza

Kada a ce na zo tallan baƙin keke. Yana da nakasu. Ba ya zigzag, ba ya ramin maɓalli, ba ya son yadi mai talewa, kuma gefen yadi sai an kai wa mai wibin. Yana da nauyi, yana cin wuri a ɗaki. Wadda ke zaune inda wuta ta wadata, tana son keken da za ta ɗauka ta ajiye a kabad, farin keke na Brother, Janome ko Singer zai yi mata. Shawarata kawai ta ɗauki mai maɓallin murɗawa da hannu, ba mai sikirin ba, kuma mai ƙarfe a cikinsa. Misali Singer 4423 yana da kalar ɗinki 23 kuma ba shi da sikirin. Wanda kuma ya riga ya samu kwastomomi, yana ɗinka zanin gado da yawa a sati, indastiriyal ne nasa, don DDL-8700 yana iya kai ɗinki 5,500 a minti, gudun da keken gida ba zai kusanta ba.

Amma ɗan mitsitsin keken roba mai batir da ake talla a bidiyo, wannan ki bar wa yara. Ninki huɗu na atamfa ya ishe shi. Araha ba ta ado.

Ranar sayen

Gani ya kori ji, kada ka tura kuɗi saboda bidiyo. Ka je da mai gyara ko tela, ko da za ka ba shi na mota. Ka tafi da ƙyallayenka: atamfa, shadda a ninke huɗu, guntun jins, da ɗan yankin bargo mai auduga a ciki. A ɗinka a gabanka. Ka juya bayan ɗinkin, in zare ya yi kumbo ko yana tsallake, akwai magana. Ka murɗa kan keken da hannu ka ji ko yana cijewa. Ka saurari ƙararsa. Ka ɗaga shi, nauyi alamar ƙarfe ne. Ka karɓi rasit, ku yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da shi.

In an kai gida, allura 14 ga atamfa, 16 ko 18 ga mai kauri. Farin man keke kawai za a sa masa, ban da man gyaɗa, don yana daskarewa ya kama ƙarfe. A riƙa rufe shi, musamman lokacin hunturu, ƙurar da ke toshe bakin cajin wayarka ita ce ke cika ƙarƙashin haƙoran keke.

Yayata dai ta sake shiga adashi. Wannan karon tare muka je da wani dattijo mai gyaran keke, ya gwada uku ya ƙi, ya zaɓi na huɗu. Baƙi ne, ba sikirin, ba fitila. Watan jiya wani ɗan sifirin ya karye a jikinsa, yaronta ya je kasuwa ya dawo da sabo kafin ta sauke tukunya.

Telolin da ke cikinmu, kun fi ni sanin wannan fanni. Ku faɗa mana keken da kuke aiki da shi da shekarunsa a hannunku, don masu shirin saye su amfana. Wanda kuma ya san wata da ke tara kuɗin keke, ya tura mata wannan kafin ta biya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.