Tagar Turai A Ɗakin Inna

Bari in fara da laifina kafin in taɓo na wasu. Wata uku cur na yi ina karanta wata talla a rediyo, safe da yamma, da wannan murya tawa da masu saurare suka yarda da ita: ku sauya tagoginku da gilashi mai ruɓi biyu, ku huta da zafi, ku rage kuɗin wuta. An biya gidan rediyonmu, ni ma an ba ni na goro. Ban tsaya na tambayi kaina ko gaskiya nake faɗa ba, sai da abin ya iso ɗakin mahaifiyata a Damagaram.

Yayana da ke zaune a Beljiyam ne ya aiko da kuɗin. Can inda yake ya sauya tagogin gidansa, kuɗin ɗumama ɗaki ya ragu, ya ga amfanin abin da idonsa, sai ya ce lallai a yi wa Inna irinsa. Na ce, "Yaya, da ka bari an fara duba rufin." Ya ce, "Ba kai ne kake tallarsa ba?" Bakina ya mutu. Aka ciro tagogin ƙarfe masu tsaga-tsaga, waɗanda iska ke ratsawa ko suna rufe, aka faɗaɗa ramukan, aka kafa gilashi mai walƙiya. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo suna sa albarka. Wannan a watan Janairu ne, hunturu na kaɗawa, Inna ta ji daɗi ƙwarai don ƙura ta daina shigo mata. Da bazara ta kama sai ta kwashe tabarmarta da butarta ta koma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. Da na je gaishe ta, abin da ta ce da ni shi ne, "Ɗan nan, ku da yayanka kun gina mini tanda."

To, mene ne wannan gilashi? Falle biyu ne, an bar ɗan fili tsakaninsu wanda yawanci bai wuce milimita 12 zuwa 16 ba, an cika shi da busasshiyar iska ko iskar argon, an liƙe gefen. Iskar da aka kulle ba ta saurin wuce da zafi daga wannan falle zuwa wancan, shi ya sa zafin da ke ratsa shi ya kan ragu zuwa kamar rabin na gilashi falle ɗaya. Dabara ce mai kyau, babu musu. Ta bazu a Turai da Amurka bayan tashin farashin mai na 1973, lokacin da mutanen ƙasashen sanyi suka ga ɗumin da suke saye da tsada yana zurarewa ta taga. Nasu ciwon ke nan, suka nemo maganinsa.

Mu namu ciwon daban ne. Zafin da ke shigo mana ta taga, mafi yawansa hasken rana ne da kansa, kuma haske ba ya jin tsoron iskar da ke tsakanin falle biyu. Idan gilashin fari ne, ba a shafa masa sinadarin da ke mayar da zafin rana ba, wajen kashi 70 cikin ɗari na zafin hasken yana shigewa ciki. Da ya shiga sai ya sauka kan daɓe da bango da katifa. Daga nan ne gilashin yake fara aikin da aka ƙera shi dominsa, wato hana zafin da ke ciki fita. Duk wanda ya taɓa barin mota a rana da ƙarfe biyu ya san sauran labarin. Ƙari a kan haka, irin tagar da ake kafa mana mai zamewa ce, rabinta kaɗai ke buɗewa, ga firam ɗin alminiyam da ke ɗaukar zafi har ba ya taɓuwa.

Abin kunyar shi ne ni ya kamata in riga kowa sani. Shekara goma ke nan ina zaune bayan gilashi mai ruɓi biyu, domin shi ne tsakanina da mai haɗa sauti a ɗakin watsa shiri. Yana tare ƙara sosai, sai da hannu muke magana. Amma ranar da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, kafin a gama labarun rana rigata ta jiƙe sharkaf. Ɗaki rufaffe irin wannan, ransa yana hannun na'urar sanyaya ɗaki. Matuƙar tana aiki, gilashin yana riƙe sanyin, kuɗin wuta ya ragu da gaske. Da ta tsaya, an shiga uku.

Yanzu ku gaya mini, a ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, gida nawa ne ke kwana da na'urar sanyi a kunne? Ko masu ita, wa ya ba su tabbas? Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO bayan juyin mulki, alhali a lokacin kusan kashi 70 na wutar Nijar daga can take zuwa. Watanni aka yi ana rabon wuta unguwa-unguwa. Kuma wannan magana ta wuce ta jin daɗi. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi ne. Tsohuwa irin Inna, idan kunya ta hana ta fita daga ɗakin da ɗanta ya kashe wa kuɗi, me kuke tsammani zai faru?

Sannan duk wannan hayaniya a kan taga ake yi, ɓarawon kuwa ta sama yake shigowa. A ƙarshen Afrilu rana tana tsayawa tsaka a kanmu, kwanon rufi ne ke shan ta tun hantsi har la'asar, ya riƙa zubo ta ƙasa. Ɗakin Inna kwano ne, silin ɗinsa siriri kamar takarda. Da rabin kuɗin nan aka sa aka ɗaga rufin, aka bar wa iska hanya tsakaninsa da silin, aka shafa wa kwanon farin fenti, aka yi rumfa ta tare tagar yamma daga waje, da ba mu kai ga haka ba. Inuwar da ke wajen taga ta fi duk wani labule da ke ciki, domin ita tana tare rana tun ba ta taɓa gilashin ba.

Ba sabon ilimi ba ne. Ku shiga unguwar Birni a Damagaram, ku shiga tsohon garin Agadez da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ku duba kaurin bango da ƙanƙantar taga. Bangon ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi, lokacin da aka buɗe ƙofa iska ta kwashe shi. Idan kuma wani zai ce wannan aikin mutanen da ne, to Falke Barmu na Yama ya samu lambar Aga Khan a 1986 da masallacin ƙasa. Mariam Issoufou, 'yar ƙasar nan, da tubalin ƙasa da aka matse ta yi masallaci da ɗakin karatu na Dandaji. Francis Kéré na Burkina ya gina makarantar Gando da rufin kwano, amma ya ɗaga shi sama da silin na tubali don iska ta riƙa wucewa, a 2022 aka ba shi Pritzker, lambar da ta fi kowace girma a fannin zanen gini. Turawan da muke kwaikwayo suna zuwa suna ɗaukar hoton ginin ƙasarmu, mu kuma muna rushe shi muna kafa gilashi don kada a ce mana 'yan ƙauye.

Ban ce a hana sayar da shi ba. Asibiti, banki, otal, ɗakin watsa shiri, duk inda sanyi ke kunne dare da rana, yana da amfani, musamman mai shafin nan da ke korar zafin rana. Wanda gidansa ke bakin titi, ƙara da ƙura sun dame shi, shi ma zai more. Rigimata da mai sayarwa ce, wanda ya san ɗaki ba na'urar sanyi, ya san rufin kwano ne, ya ga tagar tana kallon yamma, ya karɓi kuɗi bai ce uffan ba. Da 'yan uwanmu na waje, masu auna mana magani da ciwon ƙasar da suke. Da mu 'yan rediyo, da muke karanta duk takardar da aka miƙo mana muddin an haɗo ta da ambulan.

Da aka zo sabunta kwangilar tallar, na ce sai dai a ƙara jimla ɗaya: wannan taga ta ɗakin da ke da na'urar sanyi ce. Mai kayan ya ƙi, shugabana ya ba wani abokin aikina takardar, har yau ana karanta ta bayan labarun ƙarfe takwas. Ɗakin Inna kuwa buhunan hatsi ne a ciki yanzu, ita tana kwana a rumfar zana da muka kafa mata. Yaya ya kira shekaranjiya, ya ce in tambayo masa kuɗin na'urar sanyi da na janareta.