Lantarkin Rana Ya Zo Arewa, A Bar Mana Burtali

Ya ku 'yan'uwa makiyaya, fataken shanu da dillalai, na Tamale da Gushegu da Buipe har zuwa karar Tulaku. Muna so mu ja hankalinku ga wata magana wadda yawancinmu suke gani kamar ba ta shafe mu ba, alhali kuwa ta zo har bakin ruga. Maganar ita ce ta manyan tashoshin lantarki masu aiki da hasken rana, wato sola, da ake ta kafawa a arewacin Ghana.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 2013 Hukumar Kogin Volta ta buɗe ƙaramar tasha a Navrongo mai ƙarfin megawat biyu da rabi. A 2020 aka buɗe ta Lawra mai megawat shida da rabi. A 2022 aka buɗe ta Kaleo kusa da Wa mai megawat 13, sannan a 2024 aka ƙara mata 15. Hukumar madatsar ruwa ta Bui ita ma ta shimfiɗa farantan megawat 50 kusa da madatsarta, ta kuma ɗauko aikin wata mai megawat 50 a Galgu, kusa da Yendi, wato a tsakiyar ƙasar Dagwamba inda dabbobinmu suke kiwo. Duk mai lura zai ga tashoshin suna ta ƙara girma. Dalili kuwa a fili yake: rana ta fi ƙarfi a arewa, ga fili shimfiɗaɗɗe, ga shi ƙasar ba ta kai ta kudu tsada ba.

Tun farko mu faɗi gaskiya, mu ma muna murna da wannan aiki. Ba mu manta da shekarun dumso ba, daga 2012 zuwa 2016, lokacin da mahauta a Tamale suka riƙa asarar nama saboda firiji ya mutu, farashin sa ya faɗi a hannun falke. Allurar rigakafin ciwon huhu da muke yi wa shanu sai da sanyi take rayuwa. Kuma yau da wuya ka shiga ruga ba ka ga ɗan ƙaramin faranti a kan bukka ana cajin waya da shi ba. Saboda haka duk wanda ya ce makiyayi maƙiyin ci gaba ne, bai san mu ba.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce fili. Farantan nan ba a sama ake rataye su ba, a ƙasa ake jera su, kuma bisa lissafin da aka saba kowace megawat ɗaya tana cin eka uku zuwa biyar. Ke nan babbar tasha guda tana iya haɗiye eka ɗari biyu ko fiye. Ana sare itatuwa don kada inuwa ta rufe farantan, a zagaye wurin da waya, a sa masu gadi, kuma a kan gina tasha ne don ta yi shekara 25 ko fiye tana aiki. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa shingen sai ya yi aure ya haihu ba a cire shi ba.

Wane fili ake zaɓa? Ba za a zaɓi gonar doya ko ta masara ba, domin diyyarta tana da yawa. Wanda ake nema shi ne wanda injiniya zai duba a taswira ya ce daji ne, babu kowa. Amma mu mun san dajin nan da kowa. Nan ne shanu suke samun ciyawa da damina lokacin da gonaki suka rufe ko'ina. Nan ne burtali yake bi zuwa mashaya. Nan ne mata, namu da na Dagwamba, suke tsintar kaɗanya da ɗorawa. Wanda ya zo da mota da tsakar rana cikin watan Maris ba zai ga komai ba sai busasshiyar gamba, domin garke yana can bakin kogi.

Kun san yadda zamanmu yake a wannan ƙasa. Ƙasa tana hannun sarakuna, amana ce ta jama'arsu. Makiyayi yakan je ya gaida sarki da goro, wani lokaci da ɗan maraƙi, a nuna masa inda zai sauka, shi ke nan. Babu takarda, babu sa hannu. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1992 ya ce idan gwamnati ta karɓi dukiyar mutum don amfanin jama'a sai ta biya diyya mai kyau ba tare da jinkiri ba. Amma ranar biya, wanda ake ƙirgawa shi ne mai fili da mai shuka da mai gini. Ciyawa ba ta shiga lissafi, hanyar shanu ba ta shiga lissafi. Wanda ya yi shekara talatin yana kiwo a wurin sai ya tashi hannu rabbana.

Mun ɗanɗana irin wannan, ko da yake ba a kan sola ba. Shekarun baya wani kamfani ya karɓi babban fili don noma a wani yanki da mutanenmu suke zaune, ya ja waya ta tsallake burtali. Tafiyar da shanu suke yi zuwa ruwa cikin rabin sa'a ta koma ta kusan sa'a uku, kuma sabuwar hanyar ta bi ta gefen gonakin talakawa. Kafin kaka ta wuce mun je gaban sarki sau huɗu a kan ɓarna. Kamfanin ba a kira shi ko sau ɗaya ba. Manomi da makiyayi, talakawa biyu, su aka bari suna hararar juna, mai shinge yana barci. Wanda kuwa ya san abin da ya faru a Agogo, ya kuma tuna korar shanu da aka yi wa laƙabi da Operation Cow Leg, ya san inda irin wannan hararar take kaiwa.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Indiya, a jihar Gujarat, an buɗe babbar tashar Charanka a 2012 a kan fili fiye da eka 5,000, kuma makiyayan Rabari masu tumaki da awaki suka rasa wurin kiwon da suka gada. A Maroko, filin tashar Nur ta Warzazat, kimanin hekta 3,000, na jama'a ne da ake kiwo a ciki, aka saye shi dirhami ɗaya kowace murabba'in mita. A Kenya kuma, a kan aikin lantarkin iska na tafkin Turkana, makiyaya sun kai ƙara, kuma a 2021 kotu ta ce ba a bi doka ba wajen ba da filin. Darasi biyu ke nan: wanda ya yi shiru ya rasa, wanda ya haɗa kai ya yi magana an saurare shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba muna zargin kowa a kan tashoshin da aka riga aka gina ba ne. Muna magana ne a kan waɗanda za su biyo baya, domin lalle za su biyo. Ga abin da muke roƙo ga gwamnati, da majalisun gundumomi, da iyayenmu sarakuna.

Na farko, kafin a auna fili a kira ardo da sarkin Fulani na yankin, su taka da ƙafa tare da masu awo, su nuna burtali da mashaya. Na biyu, idan shinge zai tare hanya, a bar wata hanya mai faɗi wadda garke zai bi ba tare da ya taɓa gona ba, a kafa mata alama, a rubuta ta cikin yarjejeniyar filin. Na uku, idan mashaya ta faɗa cikin waya, a haƙa rijiyar burtsatse mai famfon sola a waje, da kwami na shayar da dabbobi. Wanda zai iya kafa faranti dubu ɗari ba zai gaza goma na famfo ba.

Na huɗu, ciyawar da take tsirowa ƙarƙashin farantan dole ne a rage ta, in ba haka ba gobarar daji ta rani za ta cinye dukiyar. A Ingila da Faransa da Amurka tumaki ake sakawa su yi wannan aiki, domin tunkiya ba ta hawa kamar akuya, ba ta ture ƙarfe kamar sa. Me zai hana a yi haka a nan, ko a bar matasanmu su yanke ciyawar su ɗaure ta don rani, maimakon a zuba mata maganin feshi? Na biyar, ƙauyuka da kasuwannin shanu da suke kusa da tasha su sami wutar. Abin kunya ne waya ta wuce ta kanka zuwa Kumashi da Ankara kai kana kunna tocila.

Mu ma akwai namu aikin. Tun 1999 doka ta wajabta binciken muhalli kafin a fara babban aiki, ta kuma tanadi zaman jin ra'ayin jama'a idan mutane suka nuna damuwa. Sau da yawa ana yin zaman a gama ba makiyayi ko ɗaya a wurin, wani don bai ji ba, wani don tsoron hukuma. Saboda haka duk wanda ya ga baƙi da na'urar awo suna kafa turaku a daji, kada ya jira sai an ja waya. Ya sanar da ardo, ardo ya sanar da ofishinmu na Tamale a ranar. Kowane reshe ya zauna da dattawa ya rubuta burtalai da mashayun yankinsa, da shekarun da aka yi ana bin su, a kai wa sarki kwafi, a kai wa majalisar gunduma kwafi. Kuma mu tafi tare da manoma maƙwabtanmu da mata masu kaɗanya, domin shingen da ya tare mu su ma ya tare su.

Tun ran gini tun ran zane. Rana ta Allah ce, ta isa kowa, ƙasa ce ba ta ƙaruwa. A kafa farantai, a haskaka arewa, amma a bar wa saniya hanyar da za ta bi ta sha ruwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya albarkaci dukiyarmu, ya sa shugabanni su ji kukanmu. Amin.