Zuwa Ga Masu Zanen Bangon Littafi a Fatakwal, Anaca da Inugu



Ina yi muku sannu da aiki, ku na wajen Bida Road a Anaca, da na Garki a Inugu, da na Diobu da Oyigbo a ɓangaren Fatakwal. Da yawanku da rubutun allon shago ko zanen jikin babbar mota kuka fara, yanzu kuma kun karkata ga labaran zane, waɗanda yara ke kira komik. A kan bango kaɗai zan yi magana, domin shi mai saye ke gani kafin ya sa hannu a aljihu.

Ku na Anaca kuna zaune a garin da ya taɓa cika ƙasar nan da ƙananan littattafai masu araha. Tun ƙarshen shekarun 1940 aka fara, da irin su When Love Whispers na Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, sai Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali a 1956, har yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya kasuwar. Labaran na 'yan ƙasa ne, amma bango da yawa hoton Turawa ne da aka yanko daga mujallu. Kano ma ta bi wannan sawu. Littattafan soyayya da suka bunƙasa daga shekarun 1980 sun fara da zanen hannu, da kwamfuta ta zo sai fuskokin 'yan fim ɗin Indiya suka mamaye bango. Abin yana ci mini rai, kuma ina tsoron kada ku zama na uku, tunda yau ɗauko hoto daga intanet ya fi yanka da almakashi sauƙi.

Ku zana mutanen da kuke gani. Kun san yadda ake yawan zana Bahaushe a Kudu: buta a hannu, rediyo a kunne, baki ja da goro. Ku ne kuka san sauran. Kun san mai canji da lissafinsa ba ya kuskure, da direban tirela da ya kwana uku a hanya daga Arewa, da yarinyar da aka haifa a Inugu tana jin Ibo kamar Hausa. A Inugun nan Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin gari na farko a shekarun 1950. Wane ne zai ɗora shi a bango in ba ku ba? Roye Okupe ya riga ya fitar da Malika, jarumar da ya samo daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma ya kyauta. Sai dai akwai abin da ɗan gida ne kawai zai lura da shi. Rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne, kada ku naɗa wa ɗan kasuwa. Zanna bukar daban, kube daban, haɓar kada daban. Aska takwas a ƙirjin babbar riga tana da tsarinta, ku je wajen mai ɗinki ku duba da idonku kafin ku zana.

Sai tsarin bangon. A Amurka jera komik ake yi a tsaye a kanta, shi ya sa sunan littafi ke zama can sama. Namu shimfiɗa shi ake yi a tebur ko a kan leda a tasha, mai saye yana tsaye yana kallo daga sama, rana na dukan takarda. Don haka abu ɗaya babba ya isa: fuska ɗaya, ko hannu riƙe da takobi, ko mutum biyu sun juya wa juna baya. In kun gama zanen fensir, ku ajiye shi a ƙasa, ku ja da baya taku biyar. Abin da ya ɓace muku daga nan, ya ɓace wa mai saye. Kuma tunda ƙasa yake kwana, kada ku sa aya ko sunan Allah a bango.

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya samu rabin horon sa tawada. Hannun da ya saba da alƙalamin kara ya san inda ake dannawa layi ya yi kauri, da inda ake sassautawa ya sirance. Ku yi amfani da wannan. Layi mai kauri ga abin da ke kusa da gefen da inuwa take, siriri ga na nesa da gefen haske. Ku yanke shawarar inda haske ke fitowa tun kafin ku tsoma buroshi, kuma kada ku ji tsoron cike wuri da baƙi ƙirin, domin bangon da baƙinsa ya zauna ko launi ya koɗe yana nan da ƙarfinsa. Amma tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku. Ku nemi wadda ruwa ba ya ɗagawa. Laimar Fatakwal kuwa ba irin busasshiyar iskar Katsina ba ce: takarda na shan danshi, layi ya yi naso, tawada ta daɗe ba ta bushe ba. Ku adana takardunku a leda, ku yi haƙuri kafin ku goge fensir, in ba haka ba aikin kwana biyu zai dame a ƙarƙashin magogi.

Ku yi zanen ya fi girman da za a buga da kamar rabi, rage shi zai ɓoye rawar hannu. Ku bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Launin da ke walƙiya a fuskar waya haske ne, injin maɗaba'a kuma da tawada huɗu yake aiki, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, shi ya sa kore mai ƙyalli ke fitowa a dushe. Ku roƙi mai inji ya sa siraran layuka da ƙananan rubutu a baƙi zalla, don in launuka suka goce kada fuska ta fito da baki biyu. Ku tsaya ku ga gwajin farko da kanku. Sunan littafin ma ku rubuta shi da hannu, domin ba kowace maɗaba'a a Kudu ke da ƙ da ɗ da ɓ ba.

Batun kuɗi, ku gama shi kafin ku feƙe fensir: nawa ne, bugu nawa, kuma wa zai riƙe asalin zanen. Shawarata ku riƙe abinku, ku ba da kwafi. Ku sa sunanku a kusurwar ƙasa, ɗan nesa da inda wuƙa za ta bi, yadda marubuci na gaba zai san wanda zai nema.

Allah ya yi wa hannuwanku albarka.