Ka sabunta kwamfaila ka bar asembla da linka? Rabin aiki ka yi

A tsakaninmu masu rubuta manhaja akwai wata magana da muke yawan faɗa: in abu yana aiki, kar ka taɓa shi. Ni ma na daɗe ina rera ta. Yanzu na daina, aƙalla a kan kayan da muke gina manhaja da su, kuma dalilin ya shafi wayar da ke hannunka, ko da ba ka taɓa rubuta layin kod ɗaya ba.

In mutum ya rubuta kod da yaren C ko C++, waya ba ta gane shi kai tsaye. Sai ya ratsa hannu uku. Kwamfaila, irin su GCC da Clang, shi ke fassara kod ɗin zuwa umarni na ƙasa-ƙasa. Asembla ya karɓa ya mayar da umarnin lambobin da masarrafin waya ke ganewa. Sai linka ya tattara guntayen ya haɗe su su zama fayil guda. Kamar shagon tela ne: wani ya zana, wani ya yanka, wani ya ɗinke. In mai zane ya kawo sabon yayi alhali mai yanka bai taɓa ganin irinsa ba, yadin ne zai sha wahala.

Haka ta faru da ni. Na ɗora sabon GCC a tsohuwar laftof ɗina, na bar binutils yadda yake, wato kunshin da asembla da linka na GNU suke ciki. Da na zo gina aiki, sai ga dogon jerin kurakurai, wai ba a san wannan umarni ba. Kwana biyu ina tonon kod ɗina, ina goge wannan ina gyara wancan, ga data tana ta ƙonewa a bincike. Ashe kod ɗin lafiyarsa ƙalau. Sabon kwamfaila ne ke fitar da umarnin da tsohon asembla bai san da zamansu ba. Ina sabunta binutils komai ya wuce. Masu GCC ɗin ma ba su ɓoye ba: lokacin da GCC 11 ya fito a 2021 ya koma tsarin DWARF 5 wajen adana bayanan da ake farautar kurakurai da su, sun rubuta cewa sai da binutils 2.35.2 ko sama da haka za a ci cikakkiyar moriyarsa. Ni ne ban karanta ba.

A duniyar Android abin ya fi haka zafi. Kunshin NDK, wanda ake gina ɓangaren C da C++ na manhajojin waya da shi, ya jefar da GCC tun a r18 a 2018, aka koma Clang kaɗai. A r22 LLD ya zama linkan da ake amfani da shi kai tsaye, r23 ya fitar da binutils sai asembla kawai, r24 kuma ya kore shi shi ma. Duk wanda tsarin gininsa ke kiran tsofaffin kayan nan da sunansu, ranar da ya sabunta sai ya tarar babu su.

Inda maganar ta iso aljihunka shi ne batun shafukan ma'adana. Shekara da shekaru Android yana rarraba RAM a gutsattsari masu girman kilobayit 4. Daga Android 15 aka buɗe ƙofa ga wayoyi masu shafi na kilobayit 16, saboda yana ƙara sauri. Google Play kuma ya sa 1 ga Nuwamba 2025 a matsayin ranar da sababbin manhajoji da sabuntawar da aka yi domin Android 15 zuwa sama za su fara goyon bayan wannan girman. To, wa ke jera sassan fayil bisa girman shafi? Linka. NDK r28 yana yin jerin 16 da kansa, tsofaffin kuwa sai ka ba linka umarni na musamman. Manhajar da aka rubuta da Java ko Kotlin zalla ba ruwanta, amma wadda ke ɗauke da fayilolin .so, kamar wasanni da yawancin abin da aka gina da Flutter ko React Native, sai an sake gina ta. In ba haka ba tana iya ƙin buɗewa a sabuwar waya.

Na san uzurin, domin nawa ne. NDK ɗaruruwan megabayit ne, data ba kyauta ba ce, wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar saukewa. Sabuntawa kuma takan fasa abin da yake lafiya, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya tsallaka daga r26 zuwa r27 matsala ɗaya ko biyu zai gamu da ita. Wanda ya zauna a kan r17 shekaru, sai wa'adi ya matso sannan ya tashi, duk sauye-sauyen da na lissafa a sama rana ɗaya za su faɗo masa, kuma ba zai san wanne ne ya karya masa aiki ba.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wuya. Ina rubuta lambar NDK a cikin fayil ɗin Gradle don kar kwamfuta ta zaɓa mini. Sabon kunshi ina ajiye shi kusa da tsohon, in gwada a wani reshe na daban kafin in goge komai. A Linux kuwa, kafin in zargi kod ɗina, sai na duba lambar gcc da as da ld, su ukun tare. Kuma ba na ɗauko kwamfaila daga nan, linka daga can.

Kai kuma da ba ka rubuta kod, in ka sayi sabuwar waya wata manhaja tana rufewa da zarar ka taɓa ta, kar ka yi saurin rugawa wurin mai gyara ko ka ce an sayar maka da jabu. Shiga Play Store ka duba ranar da aka yi mata sabuntawar ƙarshe. In kuwa tsohon APK ne da abokinka ya tura maka ta Xender tun shekarun baya, goge shi ka sauke sabo.