Ruwan Da Ke Kwance Ƙarƙashin Titi

A ƙarƙashin titunan manyan birane akwai ramuka masu murfin ƙarfe, inda wayoyin lantarki da na tarho suke haɗuwa. Da damina ruwa kan taru a ciki, ya gauraya da laka da baƙin mai. Sau da yawa akan sa inji a zuƙe shi, a watsa a kwata. To, kwata kuwa rafi take zuwa, rafin nan shi jama'a ke sha.

A ganinmu wajibi ne a tace ruwan tukuna. A bar laka ta kwanta, a kwashe man da ya taso, sa'an nan a bi da sauran ta matata.

Mai a magudana ba abin wasa ba ne. A 1992 fetur ya tsiyaya cikin magudanun birnin Guadalajara na ƙasar Meksiko, ya fashe, mutum fiye da 200 suka halaka.

Saboda haka muna roƙon masu tsara kasafi su ware kuɗin wannan aiki, malamai kuma su gargaɗi yara kada a zuba mai a kwata.