Wane Ne Ubangidan Ɗan Kwantiragi?

A Zazzau mun san dillali, mun san la'adarsa. Idan aka sayar da gida a Babban Dodo, sau ɗaya zai karɓi rabonsa, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Yanzu kuwa an samu dillalin da ke cin la'ada duk wata daga gumin mutum guda, wai shi kamfanin samar da ma'aikata.

Ku dubi samarin da ke fita ta Ƙofar Doka da sassafe zuwa bankuna da ofisoshin Sabon Gari. Mai gadi, mai shara, har da yarinyar da ke ƙirga kuɗi a bayan gilashi, da yawansu rigar wurin kawai suka sa. Sunayensu suna littafin albashin wani kamfani da ba su taɓa ganin ƙofarsa ba. Manaja ke ba su umarni, amma ranar sallama sai ya ce, "Ai ba ma'aikatanmu ba ne."

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora kashi 10 a kan mai ɗaukar aiki, kashi 8 a kan ma'aikaci. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. To amma wa za a kama? Mai wurin aiki ya nuna kamfani, kamfani ya nuna kwangilarsa.

Wasu daga cikinmu masu rubuta manhajar kwamfuta, musamman waɗanda ke yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakunansu, suna cewa mafita ita ce abin da a Ingila ake kira kamfanin laima. Can ma'aikacin wucin gadi yakan karɓi albashi ko dai daga kamfanin da ya samo masa aiki, ko daga kamfanin laima, wanda ke zama ubangidansa a takarda duk inda aiki ya kai shi. Yana da amfani, ba mu musa ba: ubangida ɗaya, tarihin aiki ba yankewa. Sai dai daga kuɗin da aka yanka wa aikin ake fitar da ladan laimar, har da gudummawar da doka ta ɗora wa ubangida. Hannu na uku ne a cikin akushin mutum ɗaya. Maguɗin haraji ya yi yawa a harkar har gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2024 cewa daga Afrilun 2026 kamfanin da ya samo aikin ma zai ɗauki alhakin harajin. Idan can sai da aka yi haka, ina ga nan?

Abin da ya dace mu aro daga Ingila daban ne. Tun 2011, wanda ya cika mako 12 a aiki ɗaya ta hannun ɗan tsakiya yana da haƙƙin albashi daidai da na ma'aikacin dindindin. Wannan muke so Majalisar Tarayya ta sa a dokarmu, ta ƙara da cewa duk haƙƙin da ɗan tsakiya ya danne, wanda ya ci moriyar aikin shi zai biya.

Kada kuma a ce mana lissafin yana da wuya. Irin waɗannan manhajoji sana'armu ce. Nuna wa ma'aikaci nawa aka biya a kansa, nawa aka cire, nawa ya shiga asusun fanshonsa, aikin yini ɗaya ne. Inda takardar albashi ba ta nuna haka ba, wani ne ya ce a ɓoye.