Tsatsa a tankin babur: Asarar da tsadar fetur ke jawowa a ɓoye

A Zandam da ke ƙaramar hukumar Gwaram a Jigawa, babur ne motar talaka. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa, shi ke ɗaukar mai naƙuda idan tafiya ta kama zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Don haka babur ɗin da ya mutu a tsakiyar hanya ba ƙaramar matsala ba ce, kuma sau da yawa abin da ke kashe shi yana kwance a cikin tanki: tsatsa.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin ta haura naira 1,000 a Oktoban 2024. Mai babur da a da ke cika tanki ya koma sayen lita ɗaya ko kwalba, yana yawo a kan rizab.

Yadda tsatsa ke farawa

Tankin Boxer ko Jincheng na ƙarfe ne. Idan babu mai sosai a ciki, iska ce ke cike gurbin, ita kuwa iskar damina tana ɗauke da laima. Da rana tanki ya yi zafi, da dare ya huce, sai laimar ta zama ɗigon ruwa a jikin ƙarfen. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasan tanki ya riƙa cin ƙarfe.

Akwai kuma ruwan da ke shigowa daga waje: murfin da robarsa ta mutu, ko jarkar ɗan bumburutu da ta sha ruwan sama. Gidan mai ma ba ya kuɓuta. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, sinadarin da ke jawo ruwa.

Ɓarɓashin tsatsa kan bi tiyo ya toshe kafireta. Babur ya fara shaƙewa, ya ƙi tashi da safe, ya mutu a hawa. Mai shi ya canja fulogi, bakanike ya wanke kafireta, bayan mako guda a koma gidan jiya, domin ba a taɓa tushen ciwon ba. Idan aka bari, tanki ya huje.

Me ya kamata a yi?

A haska cikin tanki da tocila, kada a kuskura a yi da ashana. Idan an ga ja-ja, a sauke tankin a juye man duka. A zuba ƙananan noti ko tsakuwa mai tsabta da ɗan kalanzir, a girgiza sosai, a zubar, a tabbatar babu ko ɗaya da ya maƙale. Tsatsa mai kauri kuwa ruwan khal na narkar da ita idan ya kwana a ciki. Daga nan a ɗauraye, a shanya har ya bushe ƙarau, a zuba mai nan take, don ƙarfen da aka kankare ya fi saurin sake tsatsa. A sa sabuwar filta a tiyo, a gyara murfi.

Tankin da ya huje ya fi kyau a sauya shi. Kai shi wurin mai walda da tururin fetur a ciki na iya sa ya fashe, ko da babu ɗigon mai.

Shawarar a riƙa cika tanki tana da sauƙin faɗa, amma ɗan acaɓa da ke sayen mai da cinikin jiya ba zai iya kullum ba. Abin da zai iya shi ne tace man kwalba da ƙyalle mai tsabta, ajiye babur a ƙarƙashin rumfa, da tsiyaye ƙasan tanki a ƙarshen damina. Wanda zai ajiye babur na makonni kuwa, ya cika tankin kafin ya jingine shi. Kuɗin filta bai kai na sabon tanki ba, balle asarar yinin da babur bai fita ba.